AWS, Azure ko Google Cloud: wanne ya dace da shagon Damagaram?

Ga tambayar a taƙaice. Wani matashi ne ke riƙe wa wani Alhaji lissafin kaya. Alhajin yana da shago a kasuwar Dole, da sito a Zango, da rassa biyu a Mirriya da Magarya. Matashin ya rubuta manhajar lissafin da kansa da harshen PHP da rumbun bayanai na MySQL, tana zaune a kan kwamfuta ɗaya a bayan shago. Kuran na ɗaukewa, ƙura na shiga na'urar, rassan kuma ba sa ganin abin da ya rage a sito sai an tura musu hoto ta WhatsApp. Yana so ya mayar da komai kan girgije, wato kwamfutocin da kamfanoni ke ba da haya ta intanet, yana tambaya tsakanin AWS na Amazon da Azure na Microsoft da Google Cloud wanne ya fi.

Ƙanena, amsar tukuna kafin bayani. Ga aikin da ka zana, ba zan ce ka fara da ko ɗaya cikin ukun ba. Ka yi hayar ƙaramar uwar garke, wato kwamfutar da manhajar za ta zauna a kai, mai farashi tsayayye a wata, wadda ake biya da yuro, tana zaune a Faransa ko Jamus, irin ta OVHcloud ko Scaleway ko Hetzner. Ba don manyan ukun ba su da kyau ba ne. Sun fi kowa kayan aiki, AWS ma tun 2006 yake wannan sana'a. Amma mutum goma sha wani abu da ke shigar da buhunan shinkafa da katan ɗin mai ba sa bukatar ko kashi ɗaya cikin ɗari na abin da suke sayarwa. Kuma abin da ke kayar da mutanenmu a wannan harka ba ƙarfin na'ura ba ne. A iya abin da na gani wajen ɗora wa makarantu da farmasi da ƙungiyoyi irin wannan aiki, biyan kuɗi ne ke kayar da su, sai faktir da ba a yi tsammani ba, sai rezo.

Mu fara da biya, tun da nan ne mafi yawa ke tsayawa tun ba a kunna komai ba. Waɗannan kamfanoni galibi katin Visa ko Mastercard suke nema. Airtel Money ba ya shiga, Nita ba ya shiga, katin GIM na cire kuɗi a cikin ƙasashen UEMOA shi ma ba ya shiga. Katin da ake loda wa kuɗi tun gaba, wanda shi ne ya fi sauƙin samu a wurinmu, manyan kamfanonin sukan ƙi shi, musamman wajen buɗe asusun gwaji. Ko da katin ya shiga a watan farko, ba shi ke nan ba. Kowane wata za su zo su cira da kansu, ranar da bankinka ya hana, ko kuɗin ya gaza da ɗan kaɗan saboda ladan canji, sai saƙonnin gargaɗi su fara sauka a imel ɗin da ba ka buɗewa. Daga nan a dakatar da na'urar, in aka daɗe a goge ta da abin da ke cikinta. Saboda haka kafin ka ɗora komai, ka je banki ka tambaya ƙarara: katin nan an buɗe masa sayayya ta intanet a ƙasashen waje? Nawa ne iyakarsa a wata? Nawa ake cira a kan kowane biya?

Dalilin da na ce yuro kuwa, sefa ɗaure take da yuro a kan 655.957, ba ta motsi. Na'urar yuro 5 sefa 3,280 ce, ta yuro 10 kuma sefa 6,560, yau da gobe da baɗi, muddin ɗaurin na nan. Kana iya zuwa gaban Alhaji ka ce masa jaka bakwai a wata, ka tsaya a kan maganarka. Dalar Amurka kuwa hawa da sauka take yi, faktir ɗin wannan wata ba zai yi daidai da na wancan ba ko da ba ka taɓa komai ba. Ɗan kasuwa yana yafe tsada in an faɗa masa tun farko, canjin magana ne ba ya so.

Akwai wata dabara da nake gani tana yawa, ina roƙonka ka guje mata. A kira wani ɗan'uwa a Kano ko Faransa ya buɗe asusun da katinsa da imel ɗinsa da lambar wayarsa, a riƙa tura masa kuɗi. A idon kamfanin, mai imel shi ne mai kaya. Ranar da ya canja lamba, ko ya yi tafiya, ko aka sami saɓani, ko ta Allah ta kasance, lissafin Alhaji na shekaru yana hannun da ba za ku iya kaiwa gare shi ba. In ma dole sai an ari katin wani, to imel da lambar waya su zama na shagon, ba naka ba kai ma. Ka buɗe imel da sunan kasuwancin, ka rubuta kalmar sirrin a takarda, Alhaji ya kulle ta inda yake kulle takardun gida. Wannan kariya ce gare ka, don kar wata rana a ce yaron kwamfuta ya riƙe dukiyar mutane. Wanda ke da asusun banki a Najeriya kuma, AWS ya fara karɓar naira tun farkon 2025, sai dai naira ma ka san halinta.

Sai maganar faktir, wadda ita ce ainihin bambancin ƙananan kamfanoni da manyan. Ƙaramin kamfani zai ce maka ga na'ura, ga ƙwaƙwalwarta, ga ma'ajinta, kuɗinta kaza a wata. Manyan kuwa tamkar kwantar ruwan famfo suke: duk abin da ya wuce ana ƙirgawa, in ka bar famfo a buɗe ka kwanta, babu mai zuwa ya rufe maka, da safe kai za ka biya. Ana ƙirga awannin da na'ura ta yi a kunne. Ana ƙirga ma'ajin da ke manne da ita daban, kuma ko ka kashe na'urar kuɗin ma'ajin na ci gaba da tafiya, sai ka goge shi. Ana ƙirga kwafin da ka ɗauka ka manta. Tun 1 ga Fabrairu 2024 AWS yana cajin ko adireshin IPv4 da duniya ke samun na'urarka da shi, dalar Amurka 0.005 a awa, kusan 3.6 ke nan a wata. In ka ɗauki rumbun bayanan da su ke kula maka da shi, wannan wata na'ura ce daban da nata kuɗin, sau da yawa ta fi ta manhajar tsada.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne kuɗin fitar bayanai. Shigarwa kyauta ce, ka zuba iya son ranka. Fitarwa ce ake biya. A AWS ana yafe maka GB 100 a wata, abin da ya haura kuma daga cibiyoyinsu na Turai kusan dalar Amurka 0.09 ne kowane GB, daga Cape Town kuma 0.154. Ga manhajarka ta lambobi da sunayen kaya, ba za ka ko kusanci GB 100 ba, wannan ba damuwarka ba ce a yau. Amma gobe in wani ya ce ka ɗora masa karatun malamai ko bidiyon wa'azi, ka yi lissafi tun da wuri: TB 1, wato GB 1,000, a wata daga Turai ya kai dalar Amurka 80, daga Cape Town ya doshi 140. Hetzner kuwa yana haɗa TB 20 a cikin kuɗin ƙaramar na'urarsa ta Turai, ma'ajin Cloudflare R2 kuma ba ya cajin fitarwa sam. Wannan rata ba ƙarama ba ce.

Kyautar gwaji ita ce ke jawo matasa, ita ce kuma ke jefa su cikin bashi. Google na ba sabon shiga dalar Amurka 300 ya ci cikin kwana 90, Azure 200 cikin kwana 30. AWS da can wata 12 yake bayarwa, a Yulin 2025 ya sauya zuwa tsarin da bai wuce 200 ba na wata 6. Don koyo, madalla. Amma mutum ya gina kasuwancin wani a kan kyauta, ya kunna manyan na'urori tun da ba ya jin zafin, ranar da kyautar ta ƙare sai dai a kashe komai ko a fara biyan abin da ba a yi kasafinsa ba. Ka kuma sani cewa ƙararrawar kasafi da suke ba ka ka saita, gargaɗi kawai take turowa, ba ta tsayar da kuɗi. Mutane da yawa na saita dala 10 suna zaton sun sa shinge.

In zuciyarka ta nace sai AWS, akwai hanya ta tsakiya. Suna da Lightsail, wanda farashinsa tsayayye ne a wata, daga kusan dalar Amurka 5, an haɗa na'ura da ma'aji da wani adadin fitarwa. Wannan ba zan hana ka ba.

Yanzu inda na'urar za ta zauna. Kowa in ya buɗe jerin wuraren da kamfanin ke da cibiyoyi sai ya nemi Afirka, yana ganin ita ce kusa. Azure ya buɗe a Afirka ta Kudu a 2019, AWS a Cape Town a Afrilun 2020, Google a Johannesburg a Janairun 2024. Amma bayanai ba taswira suke bi ba, waya suke bi. Nijar ba ta da teku. Abin da ka danna a Damagaram sai ya bi zare ta ƙasa zuwa gaɓar teku ta ƙasashen maƙwabta, sannan ya shiga wayoyin ƙarƙashin ruwa, waɗanda yawancinsu Turai suka nufa. Ba abin mamaki ba ne saƙon da ya nufi Johannesburg ya fara leƙa Turai kafin ya juyo kudu. Shi ya sa Paris ko Marseille ko Frankfurt sukan amsa mana da sauri fiye da ƙasar da muke nahiya ɗaya da ita, ga kuma cibiyoyin Afirka ta Kudu sun fi tsada. AWS yana da ɗan reshe a Legas tun 2023, amma kayan aikin da ke ciki kaɗan ne, kuma kusancin Kano da mu ba ya nufin kamfanin layinka ta can yake fitar da kai.

Kar ka ɗauki maganata a nan, ka auna. Ka yi hayar ƙaramar na'ura ta awanni a wurare biyu ko uku, kuɗin bai kai na shayi ba. Ka buga ping da traceroute, umarnin da ke auna saurin amsa da hanyar da saƙo ya bi, daga layin Airtel, da na Moov, da na Zamani, da Niger Telecoms in akwai shi a shagon. Ka auna da hantsi, ka sake aunawa bayan isha'i lokacin da gari duka ya hau TikTok. Mafi muhimmanci, ka hau mota ka je Magarya da Mirriya ka auna daga cikin shagon da za a yi aikin, domin amsar da ka samu a tsakiyar Damagaram ba ita ce tasu ba. Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam, ya fara aiki a Nijar a 2025, in Alhaji zai iya ɗaukar nauyinsa a babban shago zai taimaka, sai dai hanyarsa daban ce, shi ma sai ka auna shi.

Ga abin da masu tallan girgije ba sa faɗa wa mutumin Sahel. Yau in kuran ya ɗauke, kana da batir da fanno ko gurub, shago na ci gaba da sayarwa. Ranar da ka kwashe komai ka kai Paris, rezo kaɗai ya yanke, babu mai iya rubuta rasit, alhali ga kaya ga mai saye. Ka tuna 14 ga Maris 2024, da wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a lokaci guda a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya durƙushe a ƙasashen yammacin Afirka da dama. Cibiyoyin Turai lafiyarsu lau a ranar, mu ne ba ma iya kai musu. Ba ma sai an je teku ba, mai haƙar hanya ɗaya ya tsinke zare tsakanin Maradi da Damagaram ya isa.

Don haka aikin da ya fi zaɓen kamfani muhimmanci yana cikin manhajar taka. Ka gyara ta yadda kowane shago zai iya rubuta ciniki a na'urarsa ko babu rezo, in ya dawo ta tura abin da ya taru. Haka KoboToolbox da ODK ke aiki, shi ya sa ma'aikatan ƙungiyoyi ke yini a ƙauye suna cika tambayoyi a waya, sai sun shigo gari su tura. Wannan gyara ba wasa ba ne, zai ci maka makonni. Wurin da yake da wuya shi ne in Mirriya da Magarya suka sayar da buhu ɗaya da ya rage a sito lokacin da ba sa ganin juna. Hanya mafi sauƙi ita ce kowane reshe ya sayar daga kayan da aka rubuta a sunansa kawai, kowane rasit kuma ya ɗauki lamba mai ɗauke da alamar reshensa don kar lambobi su yi karo. Kuma ka rage nauyin shafukan. Hotunan kaya masu girma da rubutun ado da ake jawowa daga wani wuri duk suna cinye megan yaran shago, su ne kuma za su fara cewa abin ba ya aiki.

Maganar ajiyar kwafi kuwa, a nan ne nake da zafi. Mutane na zaton abin da ya hau girgije ba ya ɓacewa. A daren 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen OVHcloud a Strasbourg, ta taɓa na kusa da shi. Waɗanda ba su da kwafi a wani wuri daban sun rasa bayanansu har abada, har da wasu da kwafinsu ke cikin harabar da ta ƙone. Ka ga kamfanin da na ambata maka ne a sama, ban ɓoye ba. Manyan ma ba su tsira ba. A Mayun 2024 wani kuskuren saiti a Google Cloud ya goge asusun UniSuper, wata babbar hukumar fansho a Ostireliya, abin da ya taimaka wajen ceto su shi ne suna da kwafi a wani kamfani daban. A 20 ga Oktoba 2025 matsala a cibiyar AWS ta Virginia ta tsayar da manhajoji masu yawa a duniya na tsawon awanni. Duk wanda ka zaɓa, a rubuce yake cikin yarjejeniyarsu cewa su ginin da na'ura suke tsarewa, bayananka kai ne da alhakinsu.

Abin yi ba shi da tsada. Kowane dare mysqldump, umarnin kwafi na MySQL, ya fitar da kwafin rumbun, a matse shi, a kulle shi da kalmar sirri, a tura ɗaya zuwa wani kamfani daban da wanda ke riƙe da na'urar, ɗaya kuma ya sauko Damagaram kan faifan da za ka iya sawa a aljihu. Rumbun shago irin naku zai yi wuya ya wuce ƴan ɗaruruwan mega, ko da layin waya zai sauko. Sannan duk wata ka ɗauki kwafin ka gwada mayar da shi a wata na'ura, ka buɗe ka ga cinikin jiya yana ciki. Na sha ganin faifai cike da kwafin da ba ya buɗuwa, mai shi yana kwana da tabbacin yana da ajiya.

Kwafin da ke hannunka yana da wani amfani kuma, wanda mu a nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 mun ga yadda Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, aka kuma tsayar da hada-hadar kuɗi da ƙasashen yankin, har zuwa Fabrairun 2024. Abin da ke ƙetaren iyaka ana iya yi maka katanga da shi ba da laifinka ba. In kamfanin da ka zaɓa yana yarda a biya gaba, ka biya wata shida ko shekara lokacin da kati ke aiki. Kuma ka gina da kayan da ke gudana ko'ina: Linux, da MySQL ko MariaDB, da PHP ɗinka. Da waɗannan kana iya tashi daga wannan kamfani zuwa wancan cikin yini guda. Wanda ya ɗaure manhajarsa da DynamoDB na AWS ko Firestore na Google, rumbunan da ke wurinsu kaɗai, ranar tashi sai ya sake rubuta rabinta.

Tsaro a gurguje. Ka kunna tabbaci mai mataki biyu, da manhajar lambobi ba da SMS ba, domin layi na ɓacewa. Ka rufe shiga na'urar da kalmar sirri, a shiga da makullin SSH kawai, wato fayil ɗin sirri da ke kan kwamfutarka. Kar ka bar ƙofar MySQL, 3306, a buɗe ga duniya. Kar ka taɓa ɗora makullin asusunka a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, akwai masu sintiri dare da rana suna neman irinsa, cikin mintoci za su kunna manyan na'urori da sunanka suna haƙar kirifto, faktir ya zo maka. HTTPS kuma, wanda ke kulle bayanai a hanya tsakanin shago da uwar garke, kyauta ne ta Let's Encrypt, babu uzuri.

Tun da a rumbun akwai sunaye da lambobin masu karɓar kaya bashi, doka ta shigo. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, aka sabunta ta a 2022, hukumar HAPDP a Yamai ke kula da ita, kuma dokar ta taɓo fitar da irin waɗannan bayanai zuwa ƙasar waje. Ka tuntuɓe su kafin ka ɗora. In aikin asibiti ne ko na makaranta, wannan ya ma fi tsanani.

To yaushe manyan ukun ke da amfani? In kana neman aiki a banki ko kamfanin sadarwa ko ƙungiyar ƙasa da ƙasa, takardar shaidar AWS ko Azure tana da daraja, ka koye su da asusunka na kanka, ba na Alhaji ba. Ɗalibin da ke da imel ɗin jami'a wanda Microsoft ya amince da shi yana iya samun dalar Amurka 100 ta Azure for Students ba tare da kati ba, ƴan Jami'ar André Salifou su gwada. Haka in ofis ya riga ya zauna a kan Microsoft 365, Azure zai fi masa sauƙin haɗawa. Sai kuma aikin da ke kwana shiru wata da watanni sannan dubban mutane su afka masa rana ɗaya, kamar shafin sakamakon jarrabawa, nan biyan awa-awa yake da riba. Shagonku ba haka yake ba, cinikinsa na yau kusan na jiya ne.

In ka tashi ƙaura, kar ka yi ta daren Laraba, Alhamis ranar kasuwa ce. Ka bari sai Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka fara da reshe ɗaya kawai, wanda yaronsa ya fi sanin waya. Mako biyu a riƙa rubutawa a sabon tsari da kuma littafin hannu, kowane dare a kwatanta jimilla. In sun yi daidai, ka ƙara reshe na biyu, sai sito, babban shago ya zo a ƙarshe. A kasafin da za ka kai wa Alhaji ka sa kuɗin na'ura, da na ajiyar kwafi, da na sunan shafi na shekara, da megan rassa, da ladan banki, da ladanka na kulawa duk wata a layinsa daban, don sabunta na'urar da duba kwafi aiki ne da ba ya ƙarewa.